Ruwan Wanki: Yaushe Na Sanyi Ya Wadatar, Yaushe Sai An Ɗora Tukunya

Ya 'yan'uwa mazauna Kalakla da Mayo da Jabal Auliya, da na ƙetaren kogi a Omdurman, da ku fatake masu kai kaya da kawowa tsakanin Sudan da Cadi da Nijar da Najeriya. Darasinmu na wannan fitowa a kan wanki ne, musamman zafin ruwan da ya dace da kowane irin kaya, da yadda ake saita inji ga wanda Allah Ya hore masa.

Wataƙila wani ya ce wanki ai ba abin da za a koya wa uwar gida ba ne. Gaskiya ne ta fuskar fitar da dauɗa. Sai dai tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, zamanmu ya sāke. Gidan da dā mutum bakwai ke kwana, yanzu ashirin ne a ciki, ana karɓa-karɓar bargo da tabarma. Ruwan famfo ya zama sai an dace, na amalanken jaki kuwa da kuɗi ake saye, gawayi ma haka. A watan Agusta na 2024 Ma'aikatar Lafiya ta bayyana ɓarkewar kwalara a ƙasar, kuma a watan Mayu na 2025 cutar ta yi tsanani a jihar Khartoum bayan an kai hari kan tashoshin wutar lantarki, ruwa mai tsabta ya yanke wa unguwanni da yawa. A irin wannan hali kuskure biyu ake yi. Wasu suna ƙona gawayi wajen tafasa ruwan wankin da ba ya bukatar zafi, wasu kuma suna wanke zanen gadon majinyaci da ruwan sanyi tare da kayan yara. Na farko asarar kuɗi ne, na biyu yana iya kai mutum kabari.

Wankin yau da kullum

Mu fara da mai sauƙi, wanda shi ne mafi yawa. Jallabiyar da ta sha ƙura a kasuwar Laffa, tob ɗin fita unguwa, kayan makarantar yara, rawani da hula, duk waɗannan ruwan da ke cikin duro ko tanki ya ishe su, muddin babu mai ciwo a gidan. Sabulu da cuɗawa da ɗauraya su ne ke ɗebe mafi yawan ƙwayoyin cuta daga tufa, rana kuma ta ƙarasa sauran. Garin sabulu na zamani an haɗa shi ne ya yi aiki sosai a zafin digiri 30 zuwa 40, kuma a watannin Afrilu da Mayu da Yuni, lokacin da zafin gari ke wuce digiri 40, ruwan tankin saman soro da kansa yakan kai nan kafin azahar. Abin da mutanen ƙasashen sanyi ke biyan kuɗin wuta su samu, mu rana ta ba mu kyauta.

Ruwan sanyi shi ne kuma mutuncin kaya masu launi. Atamfa da shadda mai rini da duk abin da aka tsoma a baba suna zuba a ruwan zafi, ulu yana tsukewa, yadin roba yana yamutsewa har guga ta kāsa gyara shi.

Akwai tabon da ruwan zafi ke dafa shi ya zauna daram: jini, da ƙwai, da nono, da kashin jariri. Mahauta da masu sayar da kifin Jabal Auliya su riƙe wannan, haka ma mata game da ƙyallen al'ada. A fara jiƙa kayan a ruwan sanyi, a cuɗa har jan ya fita, sannan a bi da sabulu. Maiƙo kuwa akasin haka ne. Rigar mai gasa agashe, wadda ta sha mai da ƙuli da hayaƙi, da tsumman mai shayi da na mai tuya, ba sa sakin maiƙonsu sai da ruwa mai ɗumi sosai, domin sanyi daskarar da kitse yake yi. In riga ta haɗa jini da maiƙo, sanyi ne farko, ɗumi ya biyo baya.

Zan ɗan tsaya a kan ƙyallen al'ada, don na san kunya ke sa a shanya shi a ƙarƙashin gado ko bayan ƙyaure, inda ba ya bushewa da kyau. Ƙyalle mai laima yana jawo ƙaiƙayi da kumburi. A shanya shi a rana, in ana jin nauyin idon mutane a lulluɓa masa siririn mayafi. Zafin ranar zai ratsa.

Inda zafi ya zama dole

Ƙazwa ita ce ta fi yawo a gidajen da aka cunkushe da kuma makarantun da aka mai da masauki. Wata ƙaramar halitta ce da ido ba ya gani, tana haƙa rami a fata, tsakanin yatsu da wuyan hannu da ƙugu da hammata, ƙaiƙayinta kuma da dare yake tashi. Magani a jiki ake shafa shi, kuma dole ne duk mutanen gida su shafa rana ɗaya, har da wanda bai fara susa ba. Amma in an shafa magani aka koma cikin zanen jiya, an yi aikin baban giwa. Don haka a ranar da aka shafa, a tattara duk tufafi da tawul da zanen gado da aka yi amfani da su cikin kwana ukun da suka wuce. Halittar tana mutuwa in ta yi minti 10 a zafin da ya wuce digiri 50, shi ya sa muke cewa a nufi digiri 60 domin a tabbata. Abin da ba ya wankuwa, kamar bargo mai nauyi ko takalmin ƙyalle, a ɗaure shi cikin leda a ajiye. Ba ta rayuwa fiye da kwana biyu zuwa uku in ba ta sami fatar mutum ba, saboda haka kwana uku shi ne mafi ƙaranci, mako guda ya fi kwanciyar hankali. Ga gidan da ba shi da gawayi, leda da haƙuri sun wadatar. Ku sani kuma ƙaiƙayi yakan ci gaba mako biyu zuwa huɗu bayan magani ya yi aikinsa. Kada wannan ya sa a yi ta maimaita shafawa ba tare da an koma wurin ma'aikacin lafiya ba.

Kwarkwatar jiki a ɗinkin tufa take zama, can take zuba ƙwai, fata kuwa cin abinci kawai take zuwa yi. Ba abar rainawa ba ce, domin tana ɗauke da zazzaɓin nan mai tafiya ya dawo, wanda ya sha yin ɓarna a Sudan da Habasha a lokutan yaƙi da yunwa. Ruwa mai digiri 60 yana kashe ta da ƙwanta, haka ma dutsen guga mai zafi in an bi ɗinki a hankali, ciki da waje. Kuɗin cizo ma digiri 60 ne ajalinsa a cikin zanen gado, ko da yake shi asalin gidansa jikin katako ne da igiyar gado, sai an fitar da su rana an bi su da tafasasshen ruwa.

Ku masu sana'ar gwanjo, wanda a nan ake kira gogo, wannan ya shafe ku kai tsaye. Dilar da ta yi makonni a ɗaure a hanya ba ta ɗauke da ƙazwa mai rai. Haɗarin yana farawa ne bayan an kwance ta, mutum goma sun gwada riga ɗaya a yini, ko an saye kayan daga hannun wanda ya tuɓe su jiya. Ku riƙa gaya wa mai saye ya wanke kafin ya sa, musamman kayan ciki da na jarirai. Wannan ba ya rage ciniki, amana yake ƙarawa.

To yaya za a gane digiri 60 babu ma'auni? Lissafin mai sauƙi ne. Tafasasshen ruwa digiri 100 ne. Ruwan duro a yawancin shekara yana wajen digiri 30. In aka haɗa bokiti ɗaya na wannan da bokiti ɗaya na wancan, za a sami kusan digiri 65, kuma da an zuba kaya a ciki zai sauko zuwa wajen 60. A watannin sanyi, Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ruwan da ya kwana ke yin sanyi, a ɗan rinjayar da na zafin. A zuba a daro na ƙarfe, a danna kayan da sanda har ruwa ya shanye kansu, a rufe da faifai ko murfi, a bar su minti 10 zuwa 15. Kada a cusa kaya da yawa a ruwa kaɗan, don su ne za su sanyaya shi. In kika iya tsoma hannu kika bar shi a ciki, ruwan bai kai ba. Jarkar da aka ajiye a rana tana yin zafi ƙwarai, tana kuma rage gawayin da za a ƙona in daga ita aka cika tukunya, amma ba a dogara da ita kaɗai a ce an kashe ƙwayar cuta.

Ruwa mai wannan zafi yana sāɓule fatar babba cikin daƙiƙa kaɗan, ta yaro kuwa ta fi saurin ƙonewa. A fara zuba na sanyi sannan na zafi, kuma kada a bar daro a tsakar gida inda mai rarrafe yake. In tsautsayi ya faɗa, a yi ta kwarara ruwa mai sanyi a wurin har minti 20. Ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da toka.

Kayan mai amai da gudawa

Nan ne ya kamata a fi natsuwa. Mai gudawa kamar ruwan shinkafa, abu na farko shi ne ruwan gishiri da sukari na fakiti, fakiti ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ana ba shi ana tafiya da shi cibiyar jinya. Wanki ya jira. In an dawo kansa, a ware kayansa daban, a sa safar hannu ta roba, in babu a zura leda a hannu. Abin da ya manne a kaya a kankare shi cikin masai, a ɗauraye da ruwa kaɗan, ruwan ma masai za a zuba shi.

Daga nan hanya biyu ce. Ko a tafasa kayan a tukunya, ana juyawa, minti 5 bayan ruwan ya fara tafasa. Ko kuma a jiƙa su minti 10 a ruwan kulorin mai ƙarfin 0.2 cikin 100. Kulorin shi ne ruwan nan na farar da kaya da ake kira Clorox a kantunanmu, a Cadi da Nijar kuma jabel. A duba jikin kwalba. In an rubuta 5 cikin 100, to kofin shayi ɗaya nasa, kofi 24 na ruwa. In ƙarfinsa bai kai haka ba, a nuna wa ma'aikacin lafiya kwalbar ya yi lissafi. Bayan minti 10 a ɗauraye, a wanke da sabulu kamar kullum, a shanya a rana.

Da ruwan sanyi ake haɗa kulorin, domin zafi yana kashe ƙarfinsa, yana kuma tayar da tururi mai shaƙe ƙirji. Ba a gauraya shi da ruwan wanke masai, ko ruwan tsami, ko wani maganin tsabta, saboda iskar da ke fitowa guba ce. Kullum a haɗa sabo. Yana koɗar da launi, yana cin ulu da siliki, don haka mai launi gara a tafasa shi. Ni dai a ganina, zane ɗaya da ya koɗe bai kai a yi ta jayayya a kansa ba alhali akwai yara a gidan.

Kada a kai irin wannan wanki bakin kogi ko kusa da rijiya ko inda masu amalanke ke ɗiban ruwa. Wanki ɗaya na iya shayar da unguwa guda cuta.

Injin wanki

Wanda ya fi yawa a gidajenmu shi ne mai baki biyu, ɗaya na wanki ɗaya na matsewa. Wannan ba ya dafa ruwa, abin da kika zuba masa da shi zai yi aiki. Jikinsa roba ne, kuma yawancin kamfanoni sun hana a zuba masa ruwan da ya wuce digiri 50, don yana lanƙwasa robar ya lalata abin da ke hana yoyo. Saboda haka kayan mai ƙazwa ko mai gudawa a gama da su a daro ko tukunya tukuna, sannan su shiga inji. Agogonsa yakan tsaya a minti 15, amma kayan da ƙura ce kawai a jikinsu minti 6 zuwa 8 sun ishe su. Kayan da suka yi dauɗa sosai, jiƙa su rabin awa kafin a kunna ya fi a yi ta murɗa agogo sau uku. Maɓallin ƙarfi a ajiye shi ga wandon aiki da tawul, tob da mayafi da leshi a ba su na laushi.

Alherin wannan inji shi ne ruwa ɗaya yana wanke kaya kashi biyu ko uku. A fara da farare, a bi da masu launi, a ƙare da kayan aiki da tsumma. Ruwan ɗaurayar ƙarshe a tare shi a bokiti ya zama na wankin gaba. Ruwan da ya taɓa kayan majinyaci ko na jariri mai zawo, ko kayan wanda ya yi feshin maganin ƙwari a gona, shi ba a maimaita shi.

Mai ƙofa a gaba, wanda ke yin komai da kansa, yana da hita a ciki, kuma ita ce ke shan wutar. Ƙarfinta yakan kai wat 2,000, alhali injin mai baki biyu 'yan ɗaruruwa yake ja. Ɗaga lita 15 na ruwa daga digiri 30 zuwa 60 yana cin kusan rabin kilo na wuta a mitar nan da mutanen gari suka laƙaba wa suna jamra. Wanda ke kan sola ko ƙaramin janareta, hitar na iya kashe masa inbata nan take. A bar shi a kan sanyi ko 30 a wankin kullum, 40 ga tawul da kayan maiƙo, a tanadi 60 don ranar ciwo. In ranar ta zo, a zaɓi shirin auduga na ainihi. Shirin da aka rubuta wa Eco yana tsawaita lokaci ne ya rage zafi, sau da yawa ba ya kai lambar da ke rubuce, shirin gaggawa kuma ba ya riƙe zafin har ya yi aiki. Lamba 90 ba ta da wani amfani a gida in ban da wanke cikin injin kansa jefi-jefi. Gudun matsewa ma ba sai an kai shi ƙarshe ba. A garin da riga ke bushewa kafin a idar da sallar la'asar, 800 ya isa, kaya kuma za su fi daɗewa.

Kowane iri ne, kada a danƙare shi. A bar wurin da tafin hannu zai shiga a tsaye a saman kaya. Sabulu ma yawansa ba ya ƙara tsabta, ruwan ɗauraya yake ƙara ci, ragowarsa kuma ta sa wa jariri ƙuraje.

'Yar takardar da ke wuyan riga tana da amfani ga mai saye da mai sayarwa. Hoton baho da lamba a ciki yana nufin kada a wuce wannan zafi. In ɗigo ne a maimakon lamba, ɗaya 30 ne, biyu 40, uku 50, huɗu 60. Hannu a cikin baho, wankin hannu. Alama mai kusurwa uku da aka soke, ban da kulorin.

Waɗanda suka dawo gida suka tarar da injinsu ya yi shekara biyu a ajiye, kada su jona shi sai mai gyara ya duba wayoyinsa, domin ɓera da zafi suna cin rufin waya. Wutarmu bolt 230 ce, kuma jiƙaƙƙiyar ƙafa a kan siminti hanya ce gare ta. A sa takalmin roba, a ɗaga soket daga ƙasa, in inji ya fara ɗan jan hannu a kashe shi daga bango. Bakin matsewa yana karya hannun yaro in ya zura shi yana juyawa, bakin wanki kuma in da ruwa a ciki yaro na iya faɗawa da ka.

Gidan sauro, da ruwan kansa

Gidan sauro mai magani dokarsa daban ce. Ruwan sanyi, sabulun sanda, cuɗawa a hankali da hannu, shanya a inuwa. Zafi da kulorin da rana duk suna kashe maganin da ke jikinsa. An ƙera shi ya jure wanki kamar 20 a tsawon rayuwarsa, don haka ba kowane mako ake wanke shi ba. Bayan guguwar habub kakkaɓewa ta isa.

Lokacin cikar kogi, Agusta da Satumba, ruwa yakan zo da laka. Laka tana cinye sabulu, tana kuma raunana kulorin. A bar ruwan ya kwanta, ko a sa masa ɗan alif, ko dakakken 'ya'yan zogale, kimanin ƙwaya ɗaya ga lita. Matan ƙauyukan bakin Nilu sun daɗe da sanin wannan, har sunan itacen a Larabcin Sudan yana nufin mai tace ruwa. Amma tacewa ce kawai, ba ta mai da shi ruwan sha ba.

Masu gangarawa Farin Nilu su yi wanki in famfo ya ɗauke, su san cewa ruwa mai kwanciya da ciyayi, irin na wajen madatsar Jabal Auliya da aka gama ginawa a 1937, shi ne mazaunin dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya. Tsutsar ta fata take shiga, tsayuwa cikin ruwa kawai ta isa. A ɗebo ruwan a wanke a tudu, in ya kwana biyu a duro tsutsar ta mutu. Yaron da aka ga jini a ƙarshen fitsarinsa a kai shi asibiti, akwai ƙwayar maganinta.

Duron da aka tara ruwa a ciki ya zauna a rufe ruf, a kuma wanke bangonsa da soso duk mako, domin sauron da ke kawo zazzaɓin dengi a ruwa mai tsabta yake ƙwai, kuma da rana yake cizo. Ruwan wanki na yau da kullum a watsa shi a faɗin tsakar gida inda zai bushe kafin magariba, kada a bar shi ya taru a bakin ƙofa.